Jinjina ga Asusun Alfarma

Wanda ya fara tunanin asusun banki mai kuɗin wata-wata ya cancanci rawani da doki da 'yan rakiya. Mutanen Gwarzo da Kabo ba baƙin kasuwa ba ne. Sun gaji saye da sayarwa, sun san farashin masara tun tana gona, sun san a duba haƙorin sa kafin a taya. Amma duk wayonsu bai kai su ga gano cewa ana iya sayar wa mutum abin da ba zai taɓa karɓa ba, ya biya a wannan watan, ya sake biya a wata mai zuwa, kuma ya fita yana jin an girmama shi. Wannan ilimi sai da banki ya zo da shi. Kai ka kawo kuɗin, banki ya juya su ya ci riba, idan wata ya ƙare kuma kai ake bi bashi. Madalla da wannan hikima.

Sunan asusun ya danganta da bankin da ka shiga, amma kamanninsa ɗaya ne. Za a ba ka kati mai ruwan zinare ko baƙi wuluk. Za a riƙa cire wani adadi daga kuɗinka duk wata, ko a sharɗanta maka ka bar wasu maƙudan kuɗi kwance ba ka taɓa su. A madadin haka sai a jero maka garaɓasa: zama a ɗakin manyan baƙi na filin jirgin sama, inshorar tafiya ƙasashen waje, rangwame a otal-otal da gidajen cin abinci, tikitin sinima, da ma'aikaci naka na kanka mai ɗaukar wayarka. Yaron da ke kanta zai dube ka da fara'a ya ce, "Alhaji, ai irinku bai kamata a ce kuna kan ƙaramin asusu ba." Wa zai ji wannan ya ce a'a? Mutumin da ya wuni a rana a kasuwar Getso yana awon waken suya, ƙura ta rufe masa gira, yau ga shi cikin sanyin na'ura ana ce masa ya fi ƙarfin layi. Kafin ya gama murmushi ya sa hannu.

To, bari mu yaba wa garaɓasar nan ɗaya bayan ɗaya, don ba a yi wa mai kyauta adalci ba idan ba a buɗe ƙunshin ba.

Ɗakin manyan baƙi shi ne kan gaba. Akwai kujeru masu laushi, akwai shayi, akwai intanet. Aibinsa kawai shi ne yana cikin filin jirgi, kuma filin jirgin da ya fi kusa da Gwarzo shi ne na Malam Aminu Kano, tafiyar kusan kilomita 70. Tafiyar da mutumin Kutama ko Lakwaya ya sani ita ce daga tashar Gwarzo zuwa Kabuga, ta Rimin Gado da Janguza, mutum huɗu a kujerar baya, kaya a kan cinya. A wannan tafiya katin zinare ba ya rage masa ko kwabo, ba ya kuma sa direba ya rage lodi. Idan Allah ya kira shi Makka sau ɗaya a rayuwa, da ayarin alhazai zai tashi, daga sansanin alhazai, ya zauna inda kowa ya zauna. Amma kada a raina alherin banki: kujerar tana can an tanadar masa, wata goma sha biyu a shekara, yana biyan hayarta. Rashin zuwansa ba laifin kujera ba ne.

Sai inshorar tafiya. Idan akwatinka ya ɓata tsakanin Dubai da Landan, ko jirgi ya yi jinkiri ka kwana a Istanbul, akwai wanda zai share maka hawaye. Kayan da mutumin Kabo yake fargabar su ɓata buhunan hatsi ne a bayan motar kanta a hanyar Dayi, ko kwandunan tumatir ɗin rani da mota ta lalace da su rana ta dafa. Abin da yake hana shi barci shi ne ruwa ya ɗauke ana tsakiyar bunni, ko tsutsa ta faɗa wa masara. Takardar inshorar ba ta san waɗannan ba. An rubuta ta da Turanci, da ƙananan baƙaƙe, da sharuɗɗan shekaru da na lafiya da na irin katin da aka sayi tikiti da shi, domin a tabbatar ba kowa ne zai wahalar da kamfani da neman diyya ba. Ba a kuma tambayi Alhaji ko ya yarda da inshora irin ta zamani ba, ko ya fi son takaful, ko ma ba ya son ko ɗaya. An hutar da shi daga tunani. An haɗa masa cikin ƙunshi.

Tikitin sinima da rangwamen otal ba sa bukatar dogon yabo. Malamar firamare a Garo ta san inda za ta kai su.

Ma'aikacin nan na musamman kuwa, gaskiya yana ɗaukar waya, musamman a makon farko. Daga baya sai a canza masa reshe, ko kwantiraginsa ta ƙare, lambar ta daina shiga. Kuɗin watan ne kaɗai ba a taɓa canza masa reshe.

Mu ɗauka, don lissafi kawai, ana cire naira 5,000 a wata. A shekara 60,000 ke nan. Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano, wanda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya amince da shi a 2024, naira 71,000 ne. Wato ƙaramin ma'aikaci zai yi aikin kusan wata guda cur a shekara domin launin kati. Wane irin girma ne ya fi wannan? Sarakunan dā ma ba su samu talakawan da ke kawo irin wannan gaisuwa da kansu ba tare da an aika dogari ba.

Wannan sana'a ba a nan aka fara ta ba. A Birtaniya ta yi ƙarfi, inda bankuna suka daɗe suna sayar da asusu mai ƙunshin inshorar tafiya da ta wayar hannu da ta gyaran mota a hanya. Sai dai Turawa ba su da kunya irin tamu. Tsofaffi suka gano an sayar musu da inshorar da shekarunsu sun wuce, marasa lafiya suka gano ciwonsu ya fitar da su daga sharaɗi tun ranar farko, marasa mota suka gano suna biyan kuɗin janyo mota. Suka yi ta kai ƙara. A 2013 hukumar kula da harkokin kuɗi ta ƙasar ta tilasta wa bankuna su binciki ko mutum ya cancanci inshorar kafin su sayar masa, su kuma aika masa takarda duk shekara su tuna masa sharuɗɗan. A wata badaƙalar makamanciyar wannan, ta inshorar da ake liƙa wa masu karɓar bashi, bankunan Birtaniya sun mayar wa jama'a fiye da fam biliyan 38 kafin da bayan rufe karɓar ƙorafi a watan Agustan 2019. Abin tausayi. Bankunanmu Allah ya kare su daga irin wannan tozarci, domin ya haɗa su da mutane masu haƙuri, waɗanda idan an cire musu kuɗi sai su ce wataƙila rabon wani ne.

Kada kuma mai ƙaramin asusu ya ji an bar shi a baya. Banki bai manta da shi ba. Asusun alfarma hula ce kawai a saman kai; jikin yana ƙasa, kuma kowa yana da rabo.

A dā akwai wani caji da ake kira COT, wanda ake cirewa daga duk kuɗin da ya fita daga asusun 'yan kasuwa. Jama'a suka yi ta kuka, Babban Bankin Najeriya ya tsara kashe shi sannu a hankali: naira 3 a kan kowace 1,000 a 2013, naira 2 a 2014, naira 1 a 2015, ya ƙare gaba ɗaya a 2016. Aka yi murna. A watan Janairun 2016 ɗin nan, tun ba a share makoki ba, sai aka fito da kuɗin kula da asusu, wanda ba zai wuce naira 1 a kan kowace 1,000 da mai asusu ya fitar ba. Kowa ya ga mamacin ya dawo da sabuwar riga, amma ladabi ya hana a gaishe shi da tsohon sunansa. Ɗan kasuwar hatsi da ya fitar da naira miliyan 10 a watan kaka zai iya biyan naira 10,000 kuɗin kula, da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kai. Kulawar me aka yi wa asusun? Ba a ba shi dusa ba, ba a kai shi rafi ba. Lambobi ne a kwamfuta. Amma an kula da su, kuma sun gode.

Jadawalin cajin da Babban Banki ya fitar, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2020, littafi ne da ya kamata a koyar a makarantun koyon sana'a. Katin cire kuɗi naira 1,000. Kula da katin, ga mai asusun ajiya, naira 50 duk wata uku, alhali katin yana aljihunsa, shi yake kula da shi daga gumi da ruwan sama. Tura kuɗi naira 10 idan bai wuce 5,000 ba, naira 25 har zuwa 50,000, naira 50 daga nan zuwa sama. Saƙon alat naira 4, ya koma naira 6 a watan Mayun 2025 bayan ƙarin kuɗin kamfanonin waya. Mai ƙaramar waya da ba ta hawa intanet, wanda sai ya danna tauraro da lambobi, an ware masa nasa tun Maris 2021: naira 6.98 duk shiga. A lura da kwabo biyun nan da aka bar masa. Ba a cika ta bakwai ba. Wannan shi ake kira tausayi.

Na'urar ATM ma ta samu ci gaba. A dā mutum yana da cirewa uku kyauta a wata a na'urar bankin da ba nasa ba, daga nan ya biya naira 35. Daga 1 ga Maris, 2025 aka ɗauke masa nauyin ƙirga ukun nan. Yanzu naira 100 ce a kan kowace 20,000 tun daga cirewar farko, idan kuma na'urar ba a harabar banki take ba ana iya ƙara har naira 500. A na'urar bankinka kyauta ne, in ji doka, kuma gaskiya ne. Sai dai rassan bankuna sun fi son iskar Murtala Muhammad Way da Zoo Road da Bello Road a cikin birni. Mutumin Durun ko Mainika ba ya zaɓen na'ura. Wadda ya samu da kuɗi a ciki ita ce tasa.

Abin da ya fi burge ni a wannan tsari shi ne adalcinsa. Akwai naira 50 da gwamnati ke karɓa ta hannun banki a kan duk turin da ya kai naira 10,000, kuma tun Disamba 2024 ta shafi su OPay da PalmPay da Moniepoint, inda talakawa suka gudu suka fake. Ɗan da ke aikin gadi a Legas ya tura wa tsohuwarsa 10,000, naira 50 ce. Attajirin da ya tura miliyan 100, naira 50 ce. Babu son kai, babu duba fuska. Haka wanda ya je na'urar wani banki ya ciri 5,000 don sayen magani zai biya 100, daidai da wanda ya ciri 20,000. Ga na farkon kashi 2 cikin 100 ne na kuɗinsa, ga na biyun rabin kashi ɗaya. An daidaita kowa a ma'auni ɗaya, ta yadda nauyin zai fi sauka a wuyan wanda ya fi rauni. Wannan kam ba abin dariya ba ne, kuma na faɗe shi ne da zafin rai: naira 100 a hannun matar da ke sayar da ƙosai a bakin makaranta ribar kasko ce, ba canji ba ce.

A kasuwarmu dillali yana karɓar la'ada, kuma ba wanda ke jin haushinsa. Ya haɗa mai saniya da mai saye, an yi ciniki, an sallama, ya karɓi nasa a gaban kowa, sau ɗaya. Idan ciniki ya watse ba ya karɓar komai. Dubi yadda ya zauna a baya. Da ya yi karatun banki, da ya karɓa lokacin da aka shigo da saniya, ya karɓa lokacin da aka fita da ita, ya karɓi kuɗin gaya maka cewa an fita da ita, ya karɓi kuɗin kula da igiya duk wata uku, ranar da ciniki ya watse kuma ya riƙe saniyar da kuɗin gaba ɗaya ya ce a dawo bayan kwana bakwai na aiki.

Wannan na ƙarshen shi ne garaɓasar da ba a rubuta a takarda ba, amma kowa ya ɗanɗana. An cire, bai fito ba. An tura, bai shiga ba. Mai shago yana kallon wayarsa, kai kana kallon taka, alat ya nuna kuɗi sun bar hannunka, shi kuma ya rantse ba su iso ba, kuma dukanku gaskiya kuke faɗa. Tun watan Yunin 2020 Babban Banki ya ce idan na'urar bankinka ce a mayar nan take, in ya yi tsanani awa 24. Na'urar wani banki awa 48. Rikicin POS awa 72. Doka mai kyau. Wanda kuɗinsa suka maƙale daga Gude ko Sabon Birni zai biya kuɗin mota ya je reshe, ya bi layi, ya cike takarda, a ce masa, "Baba, ka yi haƙuri, matsalar netwok ce, za su dawo." Wani lokaci su dawo. Kuɗin motar da wunin da aka rasa ba sa dawowa. Kuma a duk jerin alfarmar da ake sayarwa da kuɗin wata, ban ga bankin da ya rubuta cewa idan ya riƙe kuɗinka fiye da ƙa'ida zai biya ka tara ba. Kujerar filin jirgi ta fi sauƙin alkawari, tunda an san ba za ka zo ba.

Gwajin gaskiya ya zo a farkon 2023. Gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a watan Oktoban 2022, aka sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka kwashi tsofaffin kuɗi suka kai banki kamar yadda aka umarce su, sababbin kuma suka ƙi fitowa. Manomi ya kai akuya kasuwa ba mai tsabar kuɗi, ya karyar da ita. Masu jinya suka tsaya a kantin magani da kuɗi a asusu ba a hannu ba. Aka koma sayen naira da naira a wurin masu POS. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki kafin numfashi ya dawo. A waɗannan makonni mai katin zinare da mai katin roba rana ɗaya ta doke su a ƙofar banki ɗaya. Amma a yaba wa na'urorin cire caji: ko sau ɗaya netwok bai ɗauke musu ba. Kuɗin wata ya fita a kan lokaci, kuɗin alat ya fita, kuɗin kula da kati ya fita, a watan da katin ba ya iya fitar da ko naira 1,000.

Tun daga lokacin kowa ya san wane ne bankin ƙauye. Yaro ne a ƙarƙashin lema, da ɗan teburi da na'ura a hannu. Shi ma yana caji, wani lokaci har ya wuce gona da iri. Amma yana faɗa maka nawa ne kafin ka miƙa kati, yana nan bayan la'asar, yana nan ranar Asabar, kuma ka san gidan ubansa. Banki ya sallama masa wahalar, da haɗarin 'yan fashi, da neman tsabar kuɗi a gidajen mai da wurin 'yan kasuwa, ya riƙe wa kansa sanyin ofis da kuɗin kula da asusu. Sai mutum ya biya banki don ya ajiye, ya biya yaron lema don ya karɓo. Rabon aiki ke nan na masu ilimi.

Wani zai ce ai banki yana ba da ruwa a kan ajiya. Yana bayarwa. Ƙa'idar ita ce kashi 30 cikin 100 na ma'aunin ruwan Babban Banki, kuma lokacin da ma'aunin ya kai 27.5 a ƙarshen 2024, abin ya kama kashi 8 da ɗoriya a shekara. A watan Disambar wannan shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Wanda ya ciri kuɗi fiye da sau huɗu a wata kuma ya rasa ruwan watan. Sannan ga babbar ni'imar da bankunan da ke aiki a ƙasar Hausa suka samu: da yawa daga masu ajiyar ba sa son ruwan ma sam, saboda tsoron riba. Wasu sun koma Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, ko TAJ da ya biyo baya a 2019, wasu kuma suna nan inda suke, suna cewa a bar ruwan ko su fitar da shi su ba mabukata. Wato banki ya samu kuɗin da mai su ba ya neman komai a kai, ya ba da su bashi da ruwan da ke kusan kashi 30, ko ya saya wa kansa takardun bashin gwamnati, sannan ya juyo ya ce wa mai kuɗin ya biya kuɗin wata. Tsoron Allah na talaka ya zama jarin wani. Ina ne a duniya ake samun abokin ciniki irin wannan?

Sakamakon yana bayyane, kuma abin alfahari ne. A shekarar 2024 bankin Zenith da kamfanin GTCO kowannensu ya bayyana ribar da ta haura naira tiriliyan ɗaya bayan biyan haraji. Gaskiya ne kaso mai yawa ya fito daga faɗuwar darajar naira da tsadar ruwan bashi, ba daga naira shida-shida kaɗai ba. Amma wannan ma ƙarin yabo ne: shekarar da faɗuwar naira ta sa mudun shinkafa ya gagari magidanci, ita ce shekarar da ta fi yi wa banki albarka, kuma duk da haka bai raina naira shidan ba. Mai arziki na gaske ba ya barin tsaba a ƙasa.

Saura masu butulci. Binciken da cibiyar EFInA ta yi a 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na manyan Najeriya ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 47 ne, mafi yawa a ƙasar. Ana taruwa a otal-otal na Abuja a tattauna matsalarsu, a ce rashin wayewa ne, a ware kuɗin wayar da kai. Ba a cika kawo cewa wataƙila sun iya lissafi ne ba. Matar da ta sa naira 20,000 a asusu ta dawo bayan watanni ta tarar sun ragu ba ta taɓa ba, ta koma ta sayi tunkiya ko ta shiga adashi, ba jahila ba ce. Tunkiya tana haihuwa. Adashi idan kwasarki ta zo, abin da kika zuba shi za ki ɗauka. Asarar ita ce kuɗin da ke gida wuta tana ci, ɓarawo yana ɗauka, kuma a yammacin Kano da ke iyaka da Katsina ba wanda ke son a san yana kwana da kuɗi a ɗaka. Mutanen nan suna bukatar banki fiye da yadda mai zuwa Dubai yake bukatarsa. Suna bukatar wurin da za su ajiye dubu ashirin su tarar da dubu ashirin. Shi ne abin da ba a saka a ƙunshin ba.

Ban ga laifin yaran da ke kanta ba. Yawancinsu 'yan kwantiragi ne, an ɗora musu adadin asusun da za su buɗe da kuɗin da za su jawo kafin ƙarshen wata, in ba su cika ba a nuna musu ƙofa. Wanda ya ce wa Alhaji ya fi ƙarfin ƙaramin asusu, aikinsa yake karewa. An ga inda irin wannan matsi ya kai a Amurka: a 2016 aka ci tarar bankin Wells Fargo dala miliyan 185 bayan an gano ma'aikatansa sun buɗe wa mutane miliyoyin asusu ba da saninsu ba don su cika adadi, aka kori ma'aikata wajen 5,300. Ƙanana aka fara kora. Masu tsara adadin sun fi kowa sanin darajar kujera mai laushi.

Don haka ga shawarata ga duk mai son wannan alheri ya ɗore, daga Gwarzo har Kabo. Kada ka nemi takardar bayanan asusunka ta shekara guda. Idan ka nema, kada ka zauna da ɗanka mai karatu a babbar makarantar tarayya da ke Kabo ya ja layi a ƙarƙashin duk abin da aka cire wanda ba kai ka kashe ba, ya tara maka jimla. Kada ka tambayi kanka sau nawa ka taɓa amfani da ko ɗaya daga cikin garaɓasar tun ranar da ka sa hannu. Kada ka gano cewa kuɗin kula da asusun 'yan kasuwa abin sasantawa ne, naira ɗayan nan iyaka ce ba farilla ba, kuma mai juya kuɗi da yawa yana iya zama da manaja ya nemi ragi. Kada wani ya gaya maka cewa mai babbar waya yana iya sa hannu a dakatar da alat na tes ya koma na imel, wanda ba a caji. Kada ka san cewa inshorar hukumar NDIC, wadda aka ɗaga zuwa naira miliyan 5 a 2024 kuma ta yi wa masu ajiya a bankin Heritage amfani da aka soke lasisinsa a watan Yunin shekarar, ta rufe mai ƙaramin asusu da mai katin zinare daidai wa daida, ba tare da kuɗin wata ba. Idan an cire maka abin da ba ka gane ba, kada ka rubuta ƙorafi ka karɓi lambar shaida, kada kuma ka tuna cewa in banki ya yi mako biyu bai warware ba kana da damar kai maganar sashen kare haƙƙin masu hulɗa na Babban Banki.

Fiye da komai, kada ka shiga reshe ka ce, "Ranka ya daɗe, a mayar da ni ƙaramin asusu." Za a yi maka magiya, za a tuna maka matsayinka a gari, za a ce katin nan ba kowa ake ba wa ba. Idan ka dage za a miƙo maka takarda ka sa hannu, kuma daga ranar ka rasa kujerarka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Sai ka koma gida da dubu sittin ɗinka na shekara, ka rasa yadda za ka raba su tsakanin buhun taki da kuɗin jarrabawar yarinya.